Fodkas ɗin Aji: Tambayar Nahawu da Adon Harshe a Turancin WAEC

Malam Bello: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Sakkwato muke. Malama Hadiza, yau tambayar nan za mu kama wadda ke cinye wa yara maki a sashen karanta labari a amsa. Masu jarrabawa su ja layi ƙarƙashin wasu kalmomi, su ce faɗi sunansu na nahawu da aikinsu.

Malama Hadiza: WAEC da NECO duk suna yin ta, Malam. Matakin farko shi ne a nemo aikatau mai ɗauke da lokaci. In akwai shi da mai aikata shi, ganga ce, a rubuta "clause". In babu, yankin jimla ne, a rubuta "phrase". Ga jimla: "The woman who sells fura at Old Market left when the rain started."

Malam Bello: To, a ce sun ja layi a "who sells fura at Old Market".

Malama Hadiza: Akwai "sells", saboda haka ganga ce. Wa take bayani a kai? Matar. Amsa: "adjectival clause", aikinta "it qualifies the noun woman". Sai an ambaci kalmar da take siffantawa. Yaro ya rubuta "it qualifies the noun" ya tsaya, ai bai gama ba.

Malam Bello: Inda yara suka fi faɗuwa kuwa "when" ne. An haddace musu cewa duk inda ta fito bayanau ne na lokaci. A jimlarmu haka ne: "when the rain started" tana faɗin lokacin tafiyar, sai a ce "adverbial clause of time", "it modifies the verb left". Amma in aka ce "I know when the rain started" fa?

Malama Hadiza: Nan ta zama suna. Gwajin mai sauƙi ne, cire ta ka sa "it". "I know it" ta zauna daram, don haka "noun clause" ce, karɓau ce ga aikatau "know". "She left it" kuwa ma'anar ta sauya gaba ɗaya. In kuma aka ce "the day when the rain started", ta koma siffanta "day". Kalmomi huɗu ne dai, amma amsa uku, ya danganta da abin da ke gabansu.

Malam Bello: Sai tarkon "-ing". "Selling fura at Old Market" ba ganga ba ce, don "selling" ita kaɗai ba ta nuna jiya ko yau.

Malama Hadiza: Adon harshe kuma bai kamata ya tsorata ɗan Sakkwato ba, wanda ya tashi yana jin kirari da waƙoƙin fada. In maroƙi ya ce wa basarake giwa, siffantawa ce, "metaphor". In ya ce kamar giwa, kamantawa ce, "simile", alamarta "like" ko "as". A kula dai, "I like fura" ba kamantawa ba ce, mutum na son fura ne kawai.

Malam Bello: "The Rima swallowed our farms" fa?

Malama Hadiza: An ba gulbin Rima baki da ciki kamar mutum, mutuntarwa ce, galibi "personification" ake so. Amma kusan kullum akwai kashi na biyu, mi ake nufi? Amsar a miƙe: ambaliya ta lalata gonaki. Kada a fassara adon harshe da wani adon harshen.

Malam Bello: Mu taɓa insha'i kafin lokaci ya ƙure. Kalmomi kusan 450 ake so, kuma kowane nau'i da sigarsa. Wasiƙar hukuma adireshi biyu, kwanan wata, "Dear Sir", kan magana, a rufe da "Yours faithfully", sa hannu, sannan cikakken suna. Ta ɗan'uwa ko aboki adireshi ɗaya, sunan farko kawai. Maƙala ta jarida kan magana da sunan marubuci, ba gaisuwa. Muhawara a fara da gaida shugaban zama da alƙalai, a ɗauki gefe ɗaya a tsaya a kai.

Malama Hadiza: Labari kuwa, Malam, lokaci ke kashe shi. Yaro ya fara da "went", layi na uku ya koma "go". Kowane irin wannan kuskure, da na rubutun kalma da na waƙafi, rabin maki ne daga goman da aka ware wa tsabtar rubutu. Kuskure ashirin, goman ta tafi. Har "Your's" da wasu ke sa wa alama a sama tana cikin lissafi. A bar minti biyar a ƙarshe, a bi aikatau ɗaya bayan ɗaya da bakin biro.

Malam Bello: Mako mai zuwa sai taƙaita labari. A zo da tsofaffin takardun tambayoyi.