Daga Kasuwar Ɗan Magaji Zuwa Ajin Ikonomiks

Assalamu alaikum. Ku dubi wannan kwandon tumatir. A Kasuwar Ɗan Magaji da ke Zariya muka ɗauki hotonsa cikin watan Fabrairu, lokacin da 'yan noman rani suka cika kasuwa da kaya har mai tumatir ke roƙon ka taya. Ku dawo nan a watan Yuni. Na rani ya ƙare, na damina bai nuna ba, sai ka ga uwar gida ta koma busasshe ko na leda. A 2016 ma da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, sai da gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

To ƙannena masu shiga SS1, wannan shi ne darasin da malamin Ikonomiks zai zana muku da layi biyu a allo. Layi ɗaya na masu saye, yana gangarowa, domin in kaya ya yi tsada mutane kan rage saye. Ɗayan na masu sayarwa, yana hawa, domin tsada ita ke jawo mai kaya kasuwa. Inda suka haɗu, nan farashi ke tsayawa. Tsutsa ba ta taɓa layin masu saye ba, miya dai sai an yi. Layin masu sayarwa ta ture baya, farashi ya haura. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki, su kasa bambance tafiya a kan layi da gusawar layin ɗungurungum.

Sai tambaya ta biyu: in farashi ya tashi, nawa ake ragewa? Gishiri ko ya ninka kuɗi, ba gidan da zai fasa saye. Nama kuwa, da ya ɗan motsa sai a koma awara. Akwai lissafin da ke auna wannan, kaso cikin ɗari na canjin saye a raba da kaso cikin ɗari na canjin farashi. Ba wuya gare shi, amma lissafi ne, kuma gara in faɗa muku tun yanzu: wanda ya gudo ajin Art don tsoron lissafi, zai same shi zaune a nan yana jira.

Ma'anar Ikonomiks da masanin fannin Lionel Robbins ya bayar a 1932, wadda kowa ke haddacewa kamar karatun allo, abin da take cewa kawai shi ne buƙata ta fi abin hannu yawa, dole a zaɓa. Kana da naira 500 an tashi makaranta a Tudun Wada. Ko ƙosai, ko kuɗin keke zuwa Ƙofar Doka. In ka ci ƙosan, ainihin abin da ka biya shi ne hutun ƙafarka.

A SS2 da SS3 zance kan faɗaɗa zuwa kuɗi, banki, haraji, hauhawar farashi da cinikin ƙasa da ƙasa. Ku kun ma ga wasunsu da idonku. Farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi ƙaranci har mutum na biyan mai POS don ya karɓi kuɗinsa. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka sanar da cire tallafin fetur, kuɗin mota ya tashi, masarar da ake ɗaukowa daga Giwa ta bi sahu.

A WAEC da NECO, ban da tambayoyin zaɓi, za ku rubuta bayani da Turanci, a kuma ba ku jadawali ku yi lissafi a kai. Mai son karanta fannin a Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru, yana buƙatar kiredit a Turanci da Lissafi da Ikonomiks, kuma su ukun zai rubuta a JAMB tare da wani darasi guda.

Ga aikin gida. Ku sami ɗan littafi, duk Juma'a ku tambayi mai awon unguwarku kuɗin tiyar masara da ta wake ku rubuta. Ku fara yanzu, ku ci gaba har kaka ta wuce, sannan ku zana layin hawa da saukar farashin da kanku ku kai wa malaminku.