Duk hita ɗaya ce a wajen mita: laccar da aka yi a Agege kan kayan ɗumama ruwa da ɗaki

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamai, 'yan uwa masu sana'a, da iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri. Ni dai aikin wayarin nake yi, shekaruna da yawa a Legas ina shiga gidajen mutane daga nan Agege har Idi-Araba da Obalende, kuma kukan da nafi ji yanzu guda ɗaya ne, malam zo ka duba min mita wallahi tana gudu, jiya na sa kati yau ta kusa ƙarewa. In naje na duba, sau da yawa mita lafiyarta ƙalau, sai na leƙa banɗaki na tarar da hita a cikin bokiti.

Toh bari mu fara da yunit ɗin nan da muke saya. Yunit ɗaya shine wat 1,000 yana aiki na awa ɗaya, shikenan. Ƙwan fitila na zamani mai wat 9 sai yayi sama da awa 100 a kunne kafin ya cinye yunit ɗaya, fankar silin mai wat 70 kamar awa 14, amma hitar bokiti mai wat 1,500 cikin minti 40 ta gama dashi. Kunga kenan maigidan da yake bin yara da faɗa a kashe fitila a kashe fitila, alhali hita tana can tana tafarfasa babu mai kula da ita, ya bar jaki yana dukan taiki. Kuma tun da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙara kuɗin wutar 'yan Band A, wato layin da yafi samun wuta a rana, a watan Afrilun 2024 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka sauko da shi wajen naira 209 da ɗoriya, wannan maganar ta daina zama ta wasa, ko kana ƙarƙashin Ikeja Electric ne ko na Eko.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya riƙe dan Allah. Hitar bokiti, ketul, dutsen guga, hotfilet, hitar bango ta wanka, hitar ɗumama ɗaki, duk abu ɗaya ne a cikinsu, wata waya ce da aka yi da haɗin ƙarfen nikel da kuromiyam wadda wuta ke wucewa ta cikinta da ƙyar, wannan ƙyar ɗin ita ke zama zafi. Wani Bature ɗan Ingila James Joule tun wajen 1840 ya auna wannan abu ya fitar da lissafinsa. Kuma duk wutar da ta shiga wayar nan zafi take zama, gaba ɗayanta, babu ragi babu ƙari. Yunit ɗaya zafin yunit ɗaya zai baka, ko hitar ta naira dubu uku ce ko ta naira dubu ɗari uku. Saboda haka in ka shiga kasuwa mai kaya yace maka Alhaji ɗauki wannan bata cin wuta, ka juya ta ka karanta wat ɗin da ke jikinta. In wat ɗinta kaɗan ne, eh zata ja wuta a hankali, amma ruwan ma a hankali zai yi zafi, mai wat 750 zata ɗauki ninkin lokacin mai wat 1,500, a ƙarshe mita abu ɗaya zata ƙirga. Wannan yana min ciwo sosai, na taɓa ganin wata baiwar Allah mai abincin sayarwa ta tara kuɗinta da ƙyar ta sayi mai tsada saboda an ce mata zata rage mata kuɗin wuta, babu abin da ya ragu.

Toh ina ragin yake? Yana wajen yawan ruwan da ka ɗora, da iya zafin da ka kai shi, da zafin da ka bari ya gudu.

Mu yi lissafi da bokiti mai lita 20. Ruwan Legas a rijiya ko tanki yawanci yana wajen digiri 27 zuwa sama kaɗan, ruwan wanka mai daɗi a jiki kuma wajen digiri 40 ne. Daga 27 zuwa 40 a wannan bokitin abin da ake buƙata bai wuce yunit 0.3 ba, kamar naira 60 da wani abu a kuɗin Band A. Amma in aka jefa hita aka tafi ana hira ko ana kallon waya har ruwan ya tafasa ya kai 100, an ci yunit 1.7, sama da naira 350, sannan a dawo a zauna ana jiran ya huce ko a kwashi rabi a sirka a bar sauran ya sandare a banza. Bambancin nan a kullum, a wata ya kusa naira 9,000, a bokiti ɗaya fa, ga gida mai yara biyar shida kowa da nasa. Alhali lita uku da rabi na tafasasshen ruwa a ketul, ka juye a ruwan sanyi, ya isa ya baka bokitin wanka cif. Iyayenmu da suke dafa ruwa a ƙaramar tukunya su sirka, lissafinsu daidai yake tun can.

Sai murfi. Ruwa in yana buɗe tururi ke kwashe zafin yana tafiya dashi sama, shi yasa ketul mai murfi mai kashe kanta tafi tukunya a kan hotfilet nesa ba kusa ba, don a hotfilet sai ƙarfen yayi zafi tukuna, sannan gindin tukunya, gefe da gefe kuma iska na sha. Masu shayi da ke nan, na san ruwanku baya sauka daga wuta tun asuba, amma babban filas mai kyau zai riƙe muku zafi na awanni, tafasa ɗaya ka juye maimakon maimaici. Masu guga ku kuma ku tara kaya ku yi su a zama ɗaya, kunna dutse saboda riga guda sau biyar a yini asara ce, kuma ƙananan kaya irin hankici a ƙarshe bayan ka zare, sauran zafin ya ishe su.

Hitar bango mai tanki ita tana da abin da ake cewa tamostat, yana kashewa in ruwa ya kai inda aka saita yana kunnawa in ya huce. Matsalar mutane suna barinta a kunne dare da rana, tankin yana yoyon zafi a hankali ita kuma tana ta cikowa ba wanda yayi wanka. Ka kunna rabin awa kafin wanka ka kashe. Saitin kuma a bar shi wajen digiri 60, ƙasa da haka sosai akwai ƙwayar cuta da ke iya zama a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a tanki.

Wani ɗan uwa ya miƙo takarda yana tambaya gas ko wuta wanne yafi sauƙi. Tambaya mai kyau. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin kusan yunit 13, amma rabi ko ƙasa da haka ke shiga tukunya, sauran harshen wutar yana bin gefe yana ɗumama kicin. Kenan kilo ɗaya kamar yunit 6 zuwa 7 ne a ketul. Sai ka duba nawa ake sayar da kilo a unguwarku, nawa ne yunit bakwai a layinku, ka ga wanda yafi, amsar mutumin Band A ba ita ce ta mutumin Band C ba. Kuma abin da mutane basu sani ba, wutar nan ma da yawanta daga gas take, tashar Egbin da ke can Ikorodu mai megawat 1,320 gas take ƙonawa ta tafasa ruwa tururin ya juya inji, kuma a irin wannan tashar kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin ne kawai ke zama wuta. Janareta kuwa ya fi haka asara, dafa ruwa da wutar fetur shine mafi tsadar ruwan zafin da zaka taɓa yi, ƙaramin janaretan nan ma bazai ɗauki hita ba.

Abu ɗaya ne ya karya wancan lissafin na yunit ɗaya zafi ɗaya, shine injin da ke janyo zafi maimakon ya ƙera shi. Firjinka da esi ɗinka haka suke aiki, taɓa bayan firji ka ji ɗumi, zafin cikin ne ya kwaso ya zubar waje. In aka juya aikin, ya kwaso zafin iskar waje ya zuba a ɗaki ko a tankin ruwa, yunit ɗaya sai ya baka zafin yunit 3 ko 4. A ƙasar Norway da ake ƙanƙara fiye da rabin gidaje dashi suke ɗumama ɗaki. Mu nan tsadarsa bata bari ba tukuna, amma masu otal da makarantun kwana ya kamata su duba shi, su da tankin da rana ke ɗumamawa a saman kwano, don rana dai kyauta ce.

Hajiya tana tambaya kan hitar ɗaki da zata aika wa mahaifiyarta a Jos saboda hunturu. Hajiya Allah ya saka miki, amma ki sani mai wat 2,000 in ta kwana awa 8 tana ja ba tsayawa yunit 16 ne. Ki nemi mai tamostat, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a sa labule mai kauri a taga, ko kuma bargon lantarki wanda wat ɗinsa bai fi 100 da wani abu ba tunda jikin mutum kawai yake ɗumamawa. Hitar kuma a sa ta kai tsaye a soket na bango, soket ɗinmu mai amf 13 iyakarsa wajen wat 3,000, siririyar wayar ekstenshan zafi take yi ta narke, kuma kar a shanya kaya a kanta. Sannan ina roƙonki ki faɗa musu da babbar murya kar su shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa su kwanta, iskar da yake fitarwa bata da wari bata da launi, barci kawai take sa mutum ya zarce. Hitar bokiti kuma a kashe soket kafin a sa hannu a ruwan, ko da taɓawa ce don a ji ko yayi zafi, musamman yara. An kira sallah, wanda yake da sauran tambaya ya same ni a bakin ƙofa bayan an idar.