Ƙarar Injin Jirgin Sama Mai Juyawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin gyaran babura a Garwa, ya ji an tayar da inji bayan an cire masa salansa, to ya ɗan ɗanɗana irin ƙarar da jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya suke yi. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke ne da inji mai juyawa, irin wanda wasu injiniyoyi 'yan'uwan juna masu suna Seguin suka fito da shi a Faransa a 1908 da sunan Gnome Omega, mai silinda 7 da ƙarfin doki 50.

Ga yadda yake aiki. Ƙarfen tsakiyar injin a ɗaure yake da jikin jirgin, ba ya motsi ko kaɗan. Silindojin ne gaba ɗaya suke zagayawa tare da farfela, kimanin sau 1,200 a minti guda. Da yake kowace silinda tana cikin wannan gudu, babu yadda za a haɗa mata bututun hayaƙi, balle salansa. Bawul na buɗewa, hayaƙi da wuta suna fita kai tsaye cikin iska.

Amma ba duka ne muryarsu ɗaya ba, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Gnome Monosoupape na 1913 bawul ɗaya tak gare shi a kowace silinda, kuma yana buɗewa da wuri, tun matsin iskar da ta ƙone bai sauka ba, shi ya sa ƙararsa take da tsini kamar ana yaga sabon yadi. Da ƙyar ake iya rage masa gudu, don haka idan matuƙi zai sauka sai ya riƙa danna wani maɓalli da ke yanke wutar fulogi: injin ya yi tsit, ya sake barkewa, ya kuma yin tsit. Idan ya daɗe da yatsa a kai, fetur yakan taru har ya iya kama wuta. Su kuwa injunan Le Rhône da Clerget, su ma masu juyawa, suna da bawul biyu a kowace silinda da kafireto, ana iya sassauta su, muryarsu ma ta fi daidaituwa. Clerget 9B, mai ƙarfin doki 130, shi aka fi ɗora wa jirgin Sopwith Camel na Ingila.

Man zurma, wato cika-gidan da ke tsirowa a bayan gidajenmu, shi ne man shafawarsu, domin ba ya narkewa cikin fetur. Ba ya komawa tanki. Tare da hayaƙi yake fita, ya fesa wa matuƙi a fuska.

Rashin nauyi da sanyaya kansa su ne ribar wannan inji. Sai dai nauyin silindojin da ke juyawa yana fizgar jirgin gefe guda, wani kaso na ƙarfin kuma yana ƙarewa wajen tura silindojin cikin iska. Injin Bentley BR2, shi ma mai juyawa, ya kai ƙarfin doki 230, daga nan injunan da silindojinsu ba sa juyawa suka karɓe fagen.