Kafin ka ce famfon mai ya mutu

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanena na Kano, ina gaishe ku daga nan Manchester. Wannan da ke hannuna famfon mai ne na mota mai kafireta, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin, na kwance shi don ku ga cikinsa. Abin da ya jawo bidiyon yau kuwa Peugeot 504 ɗin Baba ce da ke gida Gwammaja. Ƙanena ya kira ni ya ce, "Yaya, da safe lafiya lau take tashi, amma da an shiga cunkoso da rana, ko an fara hawa gadar Ƙofar Nassarawa, sai ta yi ta fizga ta mutu. An ce mu je kasuwar Ƙofar Ruwa mu sayo famfo." Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Famfo na lalacewa, ban musa ba, amma sau da yawa laifin wani ake ɗora masa.

Ku matso ku gani. Wannan hannun na ƙarfe shi ke shiga cikin injin, kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na injin, na juyawa yana tura shi. Shi kuma ya jawo wannan faifan roba ƙasa, mai ya shigo daga tanki. Sai sifirin ɗin nan ya mayar da robar sama, mai ya wuce kafireta. Ga ƙananan bawul biyu, ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Iyakarsa ke nan. Ƙarfin turinsa bai wuce psi 3 zuwa 5 ba (psi ma'aunin ƙarfin turi ne), zuƙarsa ma ba ta da wani ƙarfi. Kamar mai shan kunu da tsinken roba ne: in tsinken ya ɗan tsage, iska zai yi ta sha. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da farko ka tabbatar maganar mai ce. Da ta mutu, ka cire murfin iya-kilina, wato matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireta, injin a kashe, wani ya taka totur. In ka ga fetur ya yi tsartuwa, mai na zuwa, ka koma wajen kayan da ke ba fulogi wuta: koyil, kwantak, kwandansa. Koyil mai rauni in ya ɗau zafi haka yake kashe mota, ya huce ta tashi, a yi ta zagin famfo. Amma don Allah kada ka kai fuskarka wajen ana ba ta ki, kafireta na amayo wuta.

In ba ka ga fetur ba, sai gwaji na biyu. Ka bari injin ya huce, ka zare tiyon da ya shiga kafireta ka sa bakinsa cikin kwalba, ka cire ƙaramar wayar koyil don kada ta tashi, a ba ta ki na ɗan lokaci. Famfo mai lafiya bul-bul-bul yake watso mai da ƙarfi. Ka duba gefenka kafin ka fara, don na san garejinmu: ga mai walda nan, ga mai shayi da risho can.

To a ce ɗigo kawai ka gani, ko mai da kumfa. Har yanzu ba a kama famfo da laifi ba. Ka zare tiyon da ya taho daga tanki, ka sa wani gajere daga galan mai tsabtataccen fetur zuwa bakin famfon, ka sake gwadawa. In ya watso da ƙarfi, famfonka kalau yake, matsalar na baya.

Can baya wajen tanki kuwa akwai aiki. An fara haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, kuma a cikin 504 da suka rage a titunan Kano akwai masu yawo da tankinsu na asali. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wa ke cika tanki? Lita biyu, lita uku, a lallaɓa. Tankin da kullum ba komai cikinsa laimar damina na kama bangonsa ya yi tsatsa, tsatsar ta toshe filta. A hawan gada kuma ɗan man da ya rage sai ya gangare ya bar bakin bututu. Ga man 'yan bumburutu, wanda ba ka san jarka nawa ya ratsa ba. Ka sa filta mai garau wadda ake ganin cikinta, ita za ta faɗa maka gaskiyar tankinka. Sannan murfin tanki: akwai 'yar kafar iska a tsarin, in ta toshe mota za ta yi tafiya ta shaƙe. Da ta mutu ka buɗe murfin, in ka ji ya ja iska fuuu kuma ta tashi, ka gano.

Matsalar motar Baba dai tiyon da ya taho daga tanki ne. Ya bushe ya tsattsage ta ƙasa, ba ya ɗigar da mai balle a gani, iska kawai yake ba famfo. Sannan an taɓa canza tiyon gaba aka bi da shi jikin wuri mai zafi. A watan Afrilu da Kano ke haura digiri 40, ka tsaya a cunkoson Kurna ba iska, fetur na tafasa cikin tiyo ya zama tururi, famfo kuwa ruwa ya iya turawa. Gwajinsa ba kuɗi: jiƙa tsumma ka ɗora kan famfo da tiyon, ka ɗan jira. In ta tashi, zafi ne. Aka canza tiyo, aka janye shi daga zafin, magana ta ƙare.

Wani abu da ke damuna, yaran gareji da ke zuƙo fetur da baki. Iyayen gida, ku hana su. Kurɓa ɗaya in ta sarƙe ta faɗa huhu, asibiti ne.

Yanzu wanda ya fi haɗari. Wannan faifan robar ta cikin famfo in ta yage, ba lallai mota ta mutu ba, fetur ne zai riƙa zurarewa cikin baƙin mai. Zaro gejin baƙin mai ka shinshina. In ka ji ƙaurin fetur, ko man ya tsinke, ko ya haura inda ka bar shi, kada ka ƙara tayar da ita sai an canza famfo, an juye baƙin man, an sa sabuwar filtarsa. In ka yi ganganci injin ne zai buga. Kun tuna gurɓataccen man nan mai sinadarin methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022? Irinsa na cin tsohuwar roba. Mu ma nan Ingila tun Satumban 2021 aka koma E10, fetur mai sinadarin ethanol har kashi 10 cikin 100, masu tsofaffin motoci na ta canza tiyo da robar famfo saboda shi.

In ta tabbata famfon ne, ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, ka jera su ka ga hannun ƙarfen tsawonsa da lanƙwasarsa ɗaya ne. Abin da ka tarar tsakanin famfo da injin, gasket ne ko wani kauri, ka mayar da irinsa, don shi ke daidaita bugun.

Masu son komawa famfon lantarki, ban hana ba, amma na kafireta za ku nema. Na motar injekta yana tura psi 40 ko fiye, zai fi ƙarfin allurar da ke tsayar da shigar mai cikin kafireta, fetur ya malalo kan injin mai zafi. A ɗaura shi ƙasa kusa da tanki, filta a gabansa, da fiyus da rile, wato makunnin da ke ba shi wuta, a haɗa shi yadda in injin ya mutu shi ma zai tsaya. Tsohon kuma a cire shi a toshe gurbin da farantin ƙarfe da gasket, kada a bi da mai ta cikinsa.

Mai tambaya ya rubuto a ƙasa, ya faɗi irin motar da lokacin da take mutuwa, da sanyi ne ko da zafi. Allah ya tsare hanya.