Haɗa Kwamfutocin Ofis da Uwar Garke: Laccar Horas da Masu Kula da Netwok a Abuja

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, barkanmu da warhaka. Zaman yau a kan kwamfutocin ma'aikata ne, yadda za a saita su har su shiga ƙarƙashin uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke kula da sauran, mai ɗauke da Windows Server da Active Directory, tsarin da ke riƙe asusun ma'aikata da kwamfutocinsu. Roƙona gare ku shi ne ku riƙa bin aikin daga ƙasa zuwa sama: kebul, adireshi, suna, agogo, sannan shiga domen, wato rukunin kwamfutoci da asusun da uwar garke ke mulki. Yawancin kwamfutocin da ake gogewa a sake loda musu Windows lafiyarsu ƙalau, ɗaya daga cikin waɗannan ne aka tsallake.

Kebul ba zai ɗauke mu lokaci ba. Kebul irin Cat6 kada ya wuce mita 100 daga suwic, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗin kwamfutoci, zuwa kwamfuta, kuma kan nan biyu a matse su da tsarin launi iri ɗaya, T568B. In za ku saya a kasuwa, ku kankare silin waya ɗaya da reza. In cikinsa ya fito fari, alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla, ku bar shi. Yana karyewa a cikin bango, kuma yana zafi in an ɗora masa kyamara mai shan wuta ta kebul.

Sai adireshi, wato lambar IP da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, kuma a nan nake so mu daɗe. Kafin a taɓa kowace kwamfuta, a zauna da biro da takarda a raba adireshin. Mu ɗauki 192.168.10.0/24, wanda ke ba da adireshi 254 masu amfani. Rauta ta ɗauki .1, uwar garke .10, ta biyun in akwai .11, firintoci daga .20 zuwa .39. Waɗannan duk da hannu ake saka su, ba sa canzawa. Daga .50 zuwa .200 a bar wa DHCP, tsarin da ke ara wa na'urori adireshi da kansa, ya riƙa rabawa. A Windows Server, aron adireshi kwana 8 ne in ba a sauya ba. Ya yi daidai ga kwamfutar tebur, amma ga wayoyin baƙi da ke shiga Wi-Fi su fita, a rage shi zuwa awa 8, in ba haka ba adireshin zai ƙare alhali ofis babu kowa.

Ka je gaban kwamfuta, ka buga ipconfig /all. In ka ga adireshin ya fara da 169.254, to ta nemi DHCP ba ta same shi ba, ta ba kanta. Koma ka duba kebul da suwic. In kuma ka ga 192.168.0 ko 192.168.1 ko 192.168.8 alhali naku 10 ne, akwai wanda ya zo da rautarsa daga gida ya jona a bango, tana raba nata adireshin. Wannan yana faruwa sosai a ofisoshinmu idan intanet ya yi nauyi. A nemo ta a cire, a kunna DHCP snooping, wanda ke toshe baƙon mai raba adireshi, a suwic in yana da shi.

Yanzu abin da ya fi kayar da mutane: DNS, wanda ke fassara suna zuwa adireshi. Kwamfutar da za ta shiga domen, DNS ɗinta dole ya zama uwar garke, wato 192.168.10.10. Kada a saka 8.8.8.8 na Google, ko a gurbi na biyu. Dalili shi ne kwamfuta tana tambayar DNS ne ina mai riƙe da domen yake, shi kuwa Google bai san ofishinku ba. Intanet zai buɗe, ping, gwajin ko na'ura tana jin kira, zai amsa, amma shiga domen ya ƙi, ko ma'aikaci ya yi ta jira kafin allonsa ya buɗe da safe. Adireshin Google ko na kamfanin da ke ba ku intanet, a kan uwar garke ake saka shi, a gurbin da take tura tambayoyin waje. Ku gwada da nslookup da sunan domen ɗinku. Sunan ma, ni ban ba da shawarar .local ba, don yana karo da yadda na'urorin Apple ke neman juna. Ku yi reshe daga sunan da kuka yi rajista a .ng, ku sa masa kalma kamar ofis a gaba.

Sunan kwamfuta kada ya wuce haruffa 15, kuma kada a sa sunan mutum, don gobe za a yi masa canjin wurin aiki. ABJ-KUDI-07 ya faɗa maka gari da sashe da lamba.

Agogo. Kerberos, wanda ke tantance masu shiga, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da uwar garke. Kwamfutocin gwanjo da yawa suna zuwa a kan lokacin Amurka. Sai mutum ya juya agogo da hannu har ya yi daidai da na hannunsa, bai taɓa yankin lokaci ba. A ido daidai ne, a lissafin Kerberos kuwa an yi nisa da awanni. A zaɓi yankin UTC+1 tukuna, sannan a buga w32tm /resync bayan an shiga domen. Wadda agogonta ke komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon cikinta, wato motherboard, ne ya mutu.

In waɗannan sun zauna, shigar minti biyu ce: a buga sysdm.cpl, a rubuta sunan domen, a ba da asusun da ke da izini, a sake kunnawa. Amma Windows Home ba ta shiga domen, sai Pro ko sama da ita, don haka a duba tun wajen saye. Windows 10 ma Microsoft ta daina tallafa mata kyauta tun 14 ga Oktoba 2025.

Bayan shiga, kwamfuta tana faɗawa cikin akwatin Computers na Active Directory, wanda ba a iya liƙa masa Group Policy, wato dokokin da uwar garke ke tura wa kwamfutoci, kai tsaye. A matsar da ita zuwa rukunin sashenta. Dokokin suna sauka da kansu kusan duk minti 90. Mai sauri ya buga gpupdate /force, ya tabbatar da gpresult /r. Ma'aikaci kuma asusun talaka, wato marar cikakken iko, ake ba shi, har da oga. Na san wannan yana da wuyar faɗa, amma kwamfutar mai cikakken iko ita ce ƙofar da muguwar manhaja ke samu a buɗe. Ku yi masa bayani cikin ladabi, ku tsaya a kai.

Wata 'yar'uwa ta tambaya: "Malam, duk lokacin da aka koma janareta sai uwar garkenmu ta mutu, ga UPS kuwa a jone."

Hajiya, batirin ne mai yiwuwa. Irin na dalma mai bolt 12 yakan yi shekara 3 zuwa 5, zafin Abuja na watan Maris kuma yana rage masa kwana in ɗakin ba sanyi. Ki gwada shi da kaya a kansa, ki zare filogi daga bango ki ga minti nawa zai riƙe, bayan an tashi daga aiki. Wasu ƙananan UPS kuma ba sa karɓar wutar janareta mai rawa, sai su zauna a kan batir har ya ƙare; a nan sai an sauya zuwa irin wanda ke tace wuta koyaushe. Ki haɗa kebul ɗin USB ɗinsa da uwar garke, ki saka manhajarsa, ta yadda in caji ya sauka uwar garke za ta kashe kanta a tsanake.

To, a tashi a koma ɗakin gwaji. Mutum biyu ga kwamfuta ɗaya, kowa ya fara nuna mini takardar rabon adireshinsa.