Rafin da ramin kwal ya tsamar

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, na Birni da na Zongo da na Garin Malam, da sauran ƴan uwa duk inda kuke kallo. Yau na fito bayan garin Morgantown, a jihar West Virginia ta Amurka, inda nake karatu. Akwai abin da na daɗe ina so ku gani da idonku.

Bari in sunkuyar da kyamara. Kun ga rafin nan? Ruwa garau, yana gudu, wanda da a gida ne da tuni ƴan ga-ruwa sun jera jarkoki. To ku dubi duwatsun da ke ƙarƙashi. Launin ruwan goro ne, kuma in na shafa da yatsa, ga shi, wata laka mai santsi ke biyo hannu. Tun da na tsaya nan ban ga kifi ko ɗaya ba, ban ji kukan kwaɗo ba. Ga abin awon tsamin ruwa da muke yawo da shi, na tsoma. Ruwan sha mai kyau kusan 7 yake nunawa. Wannan 3 ya ba ni. Kar ku ce ai huɗu ne kawai tsakani, domin kowane mataki ɗaya ninki goma ne na tsami. Daga 7 zuwa 3 ninki dubu goma ke nan.

Daga ina tsamin? Daga can cikin tudun nan, inda aka haƙi kwal shekaru aru-aru aka tafi aka bar ramuka. Akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinariya da ke kwance tare da kwal, ana ce masa pirit, haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne, lafiya lau. Ranar da aka tone shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya fara haifar da asid, irin dai wanda ke cikin ruwan batir, sai dai bai kai shi ƙarfi ba. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna ƙara ma abin wuta. Asid ɗin sai ya narko ƙarfe da alminiyam daga jikin duwatsu, ya kwaso su zuwa rafi. Jan da kuke gani tsatsa ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ya ƙarewa da tashin ma'aikata. Wanda ya haƙa ramin ya mutu, jikansa ya tsufa, ruwan bai daina fita da tsami ba.

Ranar da malamarmu ta fara bayanin maganin, Inna na tuna. In miyar yakuwa ta yi tsami, me take jefawa? Kanwa. To wallahi asalin ilimin ke nan, sai dai nan farar ƙasa suke amfani da ita, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Ku biyo ni, ga shi nan gaba. Wannan dogon rumbun ƙarfen cike yake da garin farar ƙasa, yana zuba wa ruwan kaɗan-kaɗan dare da rana. Tsami ya mutu, ƙarfen ya kwanta a tafkin can, ruwa mai kyau ya wuce ta sama. Yana aiki, amma kullum sai an sayo gari, sai an kwashe laka, sai an biya mai kula.

Shi ya sa binciken jami'a ya fi karkata ga hanyar da za ta riƙe kanta. Ana shimfiɗa duwatsun farar ƙasa a magudana, ko a binne su yadda iska ba za ta shiga ba, don in iska ta shiga tsatsa na lulluɓe dutsen ya daina narkewa. Ana kuma gina fadama da hannu, a zuba taki, a shuka kacala, ruwan ya riƙa ratsawa a hankali. Kuma ba labari ba ne kawai. A 1994 wani rami ya fashe ya kwararo da ruwa mai guba cikin kogin Cheat, nan kusa da mu. Yau ana kamun kifi a cikinsa, bayan shekaru ana wannan aiki. Cibiyar binciken ruwa ta jami'armu har ta fara tace ma'adinai masu tsada daga wannan laka, waɗanda ake sawa a maganaɗisun motocin lantarki, don lakar ta taimaka ta biya kuɗin aikin.

Yanzu mu hau tudu, ku yi haƙuri da numfashina, hawan da tsayi. Nan an haƙa ta sama ne aka mayar da ƙasa. A da katafila ke bi ta daddanne wurin sumul, a watsa irin ciyawa, a ce an gyara. Itace ya ƙi girma, saiwa ba ta iya huda ƙasa. Fako ke nan, irin namu sak. Masu bincike a jami'o'in Virginia Tech da Kentucky suka nuna cewa a zuba ƙasa sakwa-sakwa, zurfin mita ɗaya da ɗan kai, kar a danne ta, sannan a dasa itatuwan wurin. Inda aka riga aka danne, a tsaga ta da ƙarfe. Da na ji haka sai gonakin Matamai da Magarya suka faɗo mini, yadda manoma ke barin tohon gawo ya tashi, da yadda ake sarar fako a yi rabin wata ya tare ruwa. Kawu, in kana kallo, aikin da kake yi da hauya ne ake rubuta wa littattafai a nan.

Abin da su suka yi kuma nake so mu yi tunani a kai shi ne doka. A 1977 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta ce kamfani ba zai fara haƙar kwal ba sai ya ajiye kuɗin jingina na gyaran wurin, kuma kowane tan da aka fitar akwai harajin da ke zuwa asusun gyara tsofaffin ramuka.

Mu fa? Muna da kwal a Anu Araren. Mahaƙar yuraniyom ta Akuta ta rufe a 2021, ta bar tarin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20. Tun 2014 samarinmu ke tafiya Jado neman zinariya, ni kaina akwai abokan wasana biyu a can. Wani zai ce mu ba mu da ruwan sama kamar nan, kuma gaskiya ne, ƙarancin ruwa na rage gudun abin. Amma su in rafi ɗaya ya lalace suna da goma. Mu da muka san tashin asuba a bi layin famfo lokacin bazara, rijiya ɗaya in ta ɓaci gari guda ne zai tashi.

Don haka ɗaliban jami'ar André Salifou, musamman masu karatun ƙasa da ruwa, ina da roƙo. In akwai tsohon ramin haƙa kusa da garinku da ruwa ke kwanciya, ku ɗauko mini hotonsa bayan damina, ku faɗa mini launinsa da ko dabbobi na sha. Takardar awon tsami ba ta da tsada, zan zo da ita da yawa in Allah ya kai mu hutu. Bari in cika kwalaben nan uku kafin rana ta faɗi, gobe da safe za a auna ƙarfen da ke ciki, kuma zan nuna muku. A gaida mutan gida.