Kurata huɗu a barikin Deepcut: lacca kan cin zali a makarantun horar da sojoji

Assalamu alaikum jama'a, iyaye da ƴan uwa, sannunku da zuwa. Yau zan kai ku Ingila ne, wani bariki da ake kira Deepcut a yankin Surrey, inda a da ake bai wa kurata horo na mataki na biyu bayan sun gama horon farko. Tsakanin 1995 zuwa 2002 matasa huɗu suka mutu a wannan bariki, dukkansu da harbin bindiga. Sean Benton mai shekara 20 da Cheryl James mai shekara 18 a 1995, sai Geoff Gray a 2001, sai James Collinson a 2002, su biyun nan shekara 17 ne kacal.

To ku lura da abu ɗaya, duk a bakin gadi aka same su ko a kusa da shi. Yaro ne an miƙa masa bindiga da harsashi mai rai, an ce je ka tsaya a ƙofa, wani lokacin shi kaɗai babu mai leƙa shi. Shi Benton harsashi biyar aka samu a ƙirjinsa, kuma da aka sake zaman bincike a 2018 alƙalin ya ce shi ya kashe kansa, amma kuma ya tabbatar akwai wani saje da ya riƙa dukansa yana zaginsa yana wulaƙanta shi. Ita kuwa Cheryl, mahaifinta ya shafe shekara ashirin yana bin kotu kafin a sake binciken a 2016, aka ce bai kamata ma a barta ita kaɗai da bindiga a gadi ba, kuma barikin ya cika da neman ƴan mata ga ƙarancin masu kula.

Mutane suna cewa ai soja sai da wuya. Na yarda, fareti da gudu da tsallen kwaɗo duk horo ne, babu uban da zai kai ɗansa Depot na Zariya yana zaton za a shimfiɗa masa katifa. Amma horo yana da ƙa'ida, yana da lokaci, yana da hafsan da ke tsaye yana gani. Abin da ya cinye Deepcut shi ne zaman jira, kurata ɗaruruwa sun gama kwas ɗaya suna jiran na gaba, makonni ba aikin yi sai shara da gadi, kofur ɗaya yana juya yara masu yawa yadda ya ga dama, da dare kuma babu wanda ya san me ke faruwa a ɗakunan kwana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in aka zalunci kurtu wa zai kai wa ƙara? Shi dai wannan kofur ɗin ko abokinsa. Lauya Nicholas Blake da ya yi nazarin lamarin ya fitar da rahoto a 2006 yana neman a samar da mai karɓar koken sojoji wanda ba ya ƙarƙashin kwamandojinsu, aka kafa ofishin a 2008, kuma yanzu hukumar Ofsted mai duba makarantun farar hula tana shiga barikokin horo tana zama da kurata tana tambayarsu abinci da wurin kwana da yadda ake mu'amala da su. Wallahi ni a wurina wannan shiga ta baƙo daga waje ita ce gyara mafi girma da aka yi, don yaro ɗan shekara 17 ba zai taɓa buɗe baki a gaban wanda zai sa shi gwale-gwale gobe da asuba ba.